Janar da Ɗakin Sanyi

Ranar Talata da safe Tamsin ta zura ƙafar hagu cikin silifa, ta miƙe, ta yi taku uku, sannan ta waiwaya ta ga silifar tana nan a bakin gado inda ta kwana. Ƙafar ba ta gaya mata komai ba. Ta sunkuya ta mintsini cinyarta, ta ji kamar cinyar wata ce take mintsina. Kafin ta dafa bango ta kai kicin, idonta na dama ya fara gani dishi-dishi, kofin shayi kuma ya zame daga hannunta ya tarwatse a ƙasa.

Ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba, haushi ne. Shekara uku ke nan da likitoci suka gaya mata tana da ciwon nan da suke kira MS, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta dinga cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Shekara uku tana soka wa kanta allura a ciki kowane farkon wata, ko sau ɗaya ba ta tsallake ba. Ta bar sigari, ta bar wanka da ruwan zafi, ta ci ganyen da ko akuya za ta ƙi. Ga sakamakon.

Ta kira Bronwyn, nas ɗin da ke kula da ita a asibitin birnin Hobart.

"Bronwyn, allurarku ta ci amanata."

"Kwantar da hankalinki, Tamsin. Maganin yana rage tashin ciwon ne, ba ya toshe masa hanya gaba ɗaya. Ba laifinki ba ne, ba wani abin da kika yi. Akwai mai kawo ki?"

"Mijina Gavin yana akurkin kajinsa."

"To, ki fito da shi daga akurkin."

Kwana uku ta yi a asibiti ana ɗura mata magani ta ƙarin ruwa. Maganin ya hana ta barci, ya kumbura mata fuska, ya sa mata yunwar da har gasasshen burodin maƙwabciyar gadonta take harara. Ranar sallama Bronwyn ta ba ta sanda, da takarda mai layi huɗu: ta huta, ta sha ruwa, ta zauna cikin sanyi, kuma kowace safiya ta taka zuwa akwatin wasiƙa na bakin ƙofar gida ta rubuta taku nawa ta iya. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin maganar sanyi, domin masu wannan ciwo da zarar jikinsu ya ɗumi sai jijiyoyin su ƙara lalaci, ƙafar da ke ɗan motsi ta daina. Watan Fabrairu ne kuma, tsakiyar lokacin zafi a ƙasarsu, ana hasashen iskar arewa mai zafi za ta kwana biyu a kwarin Huon, inda gidansu yake.

Tamsin ba ta damu ba. Gidansu tsohon gidan katako ne mai rufin kwano, da rana tsaka ana iya gasa dankali a falo, amma akwai ɗaki ɗaya mai na'urar sanyi. Ɗakinta ne. Don ita aka sa na'urar, a shekarar da ciwon ya bayyana. Duk tsawon hanya a mota shi take tunani, yadda za ta miƙe a kan gadonta ta bar sanyin ya ratsa ta.

Gavin kuwa tun fitowarsu daga gari yake ta gyaran murya.

"Tam," in ji shi, don haka yake taƙaita sunanta, "akwai wata 'yar magana."

"Ka fasa min wani abu?"

"A'a. Wato… kin ga ɗakin ya zauna ba kowa. Na'urar kuma an ce idan ba a kunna ta tana lalacewa."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Da ta buɗe ƙofar ɗakin, sanyi ya daki fuskarta, tare da wani wari da ta sani amma ba a nan ta saba jin sa ba. An shimfiɗa tamfol a kan gadonta. A kan tamfol ɗin an ɗora keji, a cikin kejin kuma ga Janar, farin zakaran Gavin, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana kallon ta da ido ɗaya, irin kallon da ake yi wa wanda ya shigo ba a kira shi ba.

Duk wanda ya san kwarin Huon ya san abin da baje kolin noma na ƙarshen Fabrairu yake yi wa maza masu hankali. Wannan ya kwana yana shafa kabewar da zai kai gasa, wancan ya hana 'ya'yansa taɓa gatarinsa na gasar saran itace. Gavin nasa haukan kaji ne. Shekara shida yana kai zakaru gasar kyau, shekara shida yana dawowa da na biyu ko na uku, shuɗin ƙyallen na ɗaya yana tafiya gidan wani tsoho mai kunne ɗaya da ke ƙetaren kogi. Bana ya rantse Janar ne zai kawo ƙyallen. Farin zakara kuma, in rana ta taɓa shi gashinsa yakan yi rawaya, in zafi ya dame shi sai ya fara zubar da gashin wutsiya. Saura kwana goma sha shida.

"Ka fitar da shi," in ji Tamsin.

"Haba Tam, yi a hankali, kar ki ɗaga murya. Ya riga ya saba da wurin. In na matsar da shi yanzu hankalinsa zai tashi."

"Ni fa? Nawa hankalin a kwance yake?"

"Ke ai mutum ce, za ki gane. Shi wa zai yi wa bayani?"

Sai ga Noreen, uwar Gavin, ta fito daga kicin tana goge hannu da tawul. Ta tare a gidan ne wai don ta yi jinyar surukarta, amma da akwatin gwangwanayen gasa kek ta zo, domin ita ma tana da gasa a gabanta. Ta kama kumatun Tamsin da hannu biyu.

"Kai, kai, kai! Ji yadda kika yi kyau! Har kin yi ƙiba. Gavin, ka ce min ba ta da lafiya? Ni dai na ga ta fi ni lafiya."

"Kumburin magani ne, Noreen."

"To ai maganin ya karɓe ki ke nan, 'yar nan. Zo ki ga inda na gyara miki."

Inda aka gyara mata shi ne barandar baya da aka zagaye da gilashi, mai fuskantar yamma, inda Noreen kan ajiye tumatir ya nuna. An kawo katifa, an kawo wata tsohuwar fanka mai juya kai tana ƙara kamar tana ƙin abin da ake gaya mata. Tamsin ta ce to a bar ta ta kwana a ƙasan ɗakinta, ita da zakaran, ba za ta ce masa uffan ba. Uwa da ɗa suka kalli juna cikin firgici.

"Ke da maganinki ke rage miki garkuwar jiki?" in ji Gavin. "Ki kwana da kaza? Ba da ni ba. Lafiyarki nake dubawa."

"Ka ji miji," in ji Noreen. "Ba kowace mace ce ke samun irinsa ba."

Daga matakalar gida zuwa akwatin wasiƙa taku sittin da huɗu ne. Kafin wannan Talatar Tamsin ba ta taɓa sanin haka ba, wa ke ƙirga irin wannan? Safiyar farko ta yi arba'in da sanda, ta tsaya, ta dawo, ta rubuta a bayan takardar Bronwyn. Ta ce a ranta gobe hamsin.

Washegari iskar arewa ta iso. Da ƙarfe uku na rana baranda ta zama tanda, fanka tana kwaso zafin nan ta kai can, ta kwaso na can ta dawo da shi nan. Tamsin ta ji ƙafar hagu tana nisa da ita a hankali, har ta dama ta fara bin sahunta. Ta tuna rigar ƙanƙararta, wata 'yar shara mai aljihuna da ake cusa wa ƙullin ƙanƙara, ta ja jiki zuwa firij. Ƙullin ba sa nan. A gurbinsu akwai kifin gwangwani da dafaffen ƙwai a wani kwano da aka rubuta wa JANAR, KAR A TAƁA.

"Gavin! Ina ƙanƙarata?"

Ya leƙo daga ɗakin sanyi da yatsa a kan leɓe. "Na jera su a bayan keji. Ko da wuta za ta ɗauke."

"Ta ɗauke?"

"Ba ta ɗauke ba tukuna. Shi ya sa na ce ko da."

Haka kayanta suka dinga ƙaura ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sace su, aronsu kawai ake yi. Kujerar da take zama a kai ta yi wanka ta koma wajen wankan Janar, domin tsayinta ya yi daidai da baho. Ana yi masa wanka da sabulun jarirai, a ɗauraye shi da ruwan bula don farinsa ya ƙara fitowa, a busar da shi da na'urar busar da gashinta, a goge masa ƙafafu da buroshin haƙori. Ta ga buroshin a hannun Gavin, kore ne, ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta ga gara kada ta sani. Da yamma a shafa masa man zaitun a zanko har ya dinga sheƙi.

A kwana na biyar sanda ta ɓace. Ta same ta ta tagar ɗakin: Gavin ya zura ta cikin keji yana taɓa ƙirjin zakaran a hankali, yana raɗa masa, "Ɗaga kai, Janar. Yauwa. Fito da ƙirji. Haka alƙali zai yi maka, kar ka tsorata."

Ta ƙwanƙwasa gilashin. "Sandata ce."

"Minti goma, Tam. Bakin roba gare ta, ba ta ji masa ciwo. Ke yanzu ina za ki?"

"Bayan gida."

"Ai akwai bango."

Ba za a ce Gavin mugu ba ne, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai. Yana kawo mata shayi da safe. Yana tambayar ta ya jiki, sai dai kafin ta amsa ya riga ya juya, domin ya ji motsi a keji. A ƙofar ɗakin sanyi ya manna wata takarda da ya rubuta da hannunsa: kada zafi ya wuce ashirin, a sauya ruwa sau uku, ban da hayaniya, ban da tayar da hankali. Takardar Bronwyn tana manne a jikin firij, taku huɗu daga nan, kusan abu ɗaya suke faɗa. Tasa ce kawai ake karantawa.

Lissafin bayan takardar ya dinga sauka. Arba'in, talatin da ɗaya, ashirin da shida, goma sha takwas. Ranar da ta yi goma sha takwas ta zauna a kan ciyawa a tsakiyar hanya, ta kasa gaba ta kasa baya, tana kallon akwatin wasiƙa kamar wani gari mai nisa. A nan ne tsoron ya same ta sosai. Bronwyn ta gaya mata gaskiya tun farko, cewa wani tashin ciwon yakan wuce ya mayar wa mutum da duk abin da ya ɗauka, wani kuma yakan riƙe wani abu. Ita kuwa ta yaya za ta san wanne ne nata, alhali ba a bar ta ta yi kwana ɗaya cikin sanyi ta gani ba? Ta yi kuka kaɗan. Wata mota ta tsaya, maƙwabta biyu suka fito da kwalbar zuma.

"A'a, Tamsin! Ana shan iska? Kin yi kyau fa! Ina mutumin?"

"Gavin yana ciki."

"A'a, Janar muke nufi."

Suka wuce ta. Zumar ma tasa ce, wai tana gyara murya.

Noreen kuwa kullum da sabon magani. Wata rana ta ce ƙanwar maƙwabciyarta ta yi irin wannan ciwo, ta daina cin alkama, yanzu har rawa take zuwa. Wata rana ta ce zama ne ke kashe ƙafa, don haka ta ajiye wa Tamsin kwano da ƙwai goma sha biyu a cinya ta kaɗa mata, tunda hannu dai lafiyarsa lau. Kek na gwaji takwas aka gasa a makon nan, tanda tana ci tun safe, kuma bangon kicin shi ne bangon baranda.

"Noreen, zafin nan yana kashe min ƙafa."

"Zafi? Wannan ne zafi? A shekarar gobarar daji ina da cikin Gavin wata takwas nake tsinkar tuffa. Ku 'yan yanzu da an ce muku kuna da ciwo mai suna sai ku kwanta. Kuma ba kina shan magani ba? In magani na aiki, me ya rage?"

"Allura ce, ba sha ake yi ba."

"To kin gani, allura ma. Ta fi ƙarfi."

Da Bronwyn ta bugo waya ranar Litinin ta tambaya ko tana zama cikin sanyi, Tamsin ta dubi fanka, ta dubi tumatir ɗin Noreen da suka nuna har suka fashe, ta ce, "Na'urar tana aiki dare da rana." Ba ƙarya ta yi ba. Kunya ce ta hana ta ƙarasawa. Ta yaya mace mai shekara arba'in da uku za ta buɗe baki ta ce kaza ta kore ta daga ɗakinta? Da ta ajiye wayar ta ji haushin kanta ya fi na kowa.

Ana saura kwana uku ta faɗi a banɗaki. Tsaye take wanka, tunda kujera tana wajen aiki, ƙafar ta lanƙwashe ba sanarwa, ta tafi da labule da sandar labulen gaba ɗaya. Ƙarar ta girgiza gidan. Ta ji gudun Gavin a kan katako, ta ji daɗi har cikin ranta, sai ta ji gudun ya wuce ƙofar banɗakin. Ta ji an buɗe ɗakin sanyi, ta ji ana cewa, "Ba komai, Janar, ba komai, kwanta abinka."

Bayan haka ya zo. Ya ɗaga ta, ya naɗe ta da tawul, ya ga gwiwar hannunta ta fashe, fuskarsa ta nuna ya ji ba daɗi da gaske.

"Sannu, Tam. Sannu. Amma don Allah, kwana ukun nan, in za ki shiga wanka ki gaya min in kunna masa rediyo. Ya zubar da gashi ɗaya."

Ta dube shi. A daren jiya ta yi mafarkin farfesu, kuma ta san inda wuƙa take. Amma ko a mafarkin ba ta iya kama zakaran ba, ya fi ta ƙafa.

Ranar baje koli aka tashi da zafin da ba a yi irinsa ba duk shekarar. Tun ƙarfe bakwai kwano yake ƙara. Gavin ya sa farar riga, ya saka Janar a akwatin tafiya mai shimfiɗar tawul ɗinta, Noreen ta rungume kek a cinya kamar jariri. Sanda ma ta shiga mota, don gwajin ƙarshe.

"Akwai sauran kek na gwaji a kan tebur," in ji Noreen ta taga. "Ki huta, 'yar nan. Ke kam kin ji daɗi, ba inda za ki."

Motar ta fita. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar fanka da wani gunji mai laushi daga can ciki. Gavin ya bar na'urar a kunne, don ɗakin ya jira mai shi.

Tamsin ta kama kujerar kicin ta tura ta gaba, ta bi ta. Ta sake turawa, ta sake bi. Taku goma sha tara ne daga baranda zuwa ƙofar ɗakinta, ta ƙirga su duka, sau biyu tana zama a kan kujerar ta huta. A jikin ƙofar akwai sabon makulli da Gavin ya sa don kada kyanwa ta shiga, ɗan makullin yana ciki. Ta zare shi, ta shiga, ta kulle ta ciki. Ta tura kejin ya faɗi ƙasa, ta ja tamfol ta yar, ta kwanta a kan gadonta mai warin kaza.

Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba. Da ta farka rana ta karkata, idonta na dama ya ɗan washe, har tana iya karanta lambar da ke jikin na'urar. Ta kalli ƙafar hagu a ƙarshen gado, ta ce wa babban yatsa ya motsa. Ya yi shiru kamar yana tunani, sannan ya motsa. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Ashe ƙafar tana nan. Kwana goma sha shida tana makokin abin da bai mutu ba, zafi ne kawai ya danne shi.

Tana cikin haka ta ji mota ta shigo da gudu har tana watsa tsakuwa. Ƙofar gida ta bugu, aka murɗa hannun ƙofarta, aka sake murɗawa.

"Tam! Tam, kina ciki? Buɗe, don Allah buɗe!"

"Me ya faru? An ci?"

"Wane ci! Rumfar kajin kwano ce, ba ko fanka. Sauran zakarun sun saba, suna tsaye abinsu. Shi kuwa fiye da mako biyu bai ga zafi ba. Alƙali na zuwa ya sake fukafukai, ya buɗe baki, ya zauna daɓas a kan dusa!"

"Tsohon nan mai kunne ɗaya ya sake ɗauka," in ji muryar Noreen daga baya. "Kek ɗina ma ya narke."

"Mama, bar maganar kek! Tam, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukar sa. Na gaya wa alƙalin, na ce jiya-jiya yana tsaye ƙyam, zafi ne, zafi ne ke kashe masa ƙafa, a ba shi sanyi na awa ɗaya a gani. Kin san abin da mutumin nan ya ce min? Wai shi dai ya ga gashinsa lafiya lau, lalaci ne kawai! Lalaci! Don bai ga jini ba shi ke nan ba ciwo? Shi ya san abin da Janar yake ji a jikinsa?"

Tamsin ta sauko da ƙafafunta ƙasa. Ta ji sanyin katako a tafin dama sosai, a na hagu kaɗan-kaɗan. Ta dafa bango ta isa ƙofar, ta buɗe ta daidai faɗin fuska. Gavin yana tsaye jiƙe da gumi, farar rigar ta manne masa, ya rungume zakaran a ƙirji. Janar ya lanƙwashe wuya, zankon nan mai sheƙi ya kwanta gefe guda, yana haki. Sandarta tana rataye a gwiwar hannun Gavin.

"Maimaita," in ji ta.

"Me?"

"Abin da ka gaya wa alƙalin."

"Na ce zafi ne ke kashe masa ƙafa, in aka ba shi sanyi…" Ya tsaya.

Duk kwanakin nan tana ba shi uzuri a ranta. Tana cewa bai gane ba ne, ciwon ba ya fitowa a fuska, ba a jikinsa yake ba, wa zai zarge shi? Da wannan uzurin ta kwana a baranda, da shi ta yi wa Bronwyn rabin magana, da shi ta zauna a kan ciyawa maƙwabta suka tsallake ta. Gidaje da yawa haka ake zaune da marar lafiya, yana ta neman kalmar da zai yi bayani da ita, yana zaton bayanin ne bai isa ba. Ga shi yau Gavin ya yi bayanin tiryan-tiryan, ba wanda ya koya masa, har da hawaye.

"Ashe ka sani," in ji ta.

Gavin ya sunkuyar da kai. Noreen ta leƙo ta kafaɗarsa ta buɗe baki, ta dubi fuskar surukarta, ta mayar da shi ta rufe.

Tamsin ta miƙa hannu ta zare sandarta daga gwiwar hannunsa. Sannan ta dubi zakaran, shi ma ya dube ta da ido ɗaya, ba sauran izza.

"Miƙo shi. Shi ba shi da laifi."

Gavin ya miƙa mata shi da sauri, ya sa ƙafa zai biyo baya. Ta tare ƙafar da bakin robar sanda.

"Ina za ka?"

"Tam, ni ma fa zafin nan… kaina juyawa yake yi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, a tsanake.

"Ni dai na ga ka yi kyau," in ji ta. "Akwai fanka a baranda."

Ta rufe ƙofar ta murɗa makulli. Ta ajiye Janar a can lungu kan tamfol, ta tura masa kwanon ruwa da sanda. Sannan ta jingina da bango ta auna ɗakin da ido, daga ƙofa zuwa taga, ta ɗaga ƙafar hagu ta fara ƙirgawa daga ɗaya.